Kafin Ka Sa Hannu a Takardar Gidan Nan

Auwalu ɗana,

Na ga hotunan gidaje ukun da ka turo mini ta WhatsApp, na kuma saurari saƙon muryarka har sau biyu. A karo na farko lissafin na ji, a karo na biyu zumuɗin na ji. Ka ce dillalin ya gaya maka akwai mutum biyu da ke jiran gidan tsakiyar, in ba ka yi magana kafin Litinin ba, za a ba wani. Ka kuma ce so kake in koya maka yadda ake gane gidan haya mai kyau cikin minti goma, irin yadda kake ji a bidiyon masu koyar da neman kuɗi. Zan koya maka abin da na sani, don na shafe fiye da shekara ashirin a wannan sana'a a Baltimo kafin gwiwa ta hana ni hawan bene. Amma ka fara riƙe wannan: abin da minti goma zai yi maka shi ne ya nuna maka gidan da za ka bari. Wanda za ka saya kuwa sai ka ba shi kwanaki. Ka tuna masu sayen hatsi a kasuwar Dawanau. Mutum yakan cusa hannu a buhu ya wuce, ya cusa a wani ya wuce, kafin ka ankara ya zagaye layi guda. Saurinsa na ƙin buhun da ƙwari suka ci ne. Idan ya iso kan wanda zai biya kuɗi, sai ya sa a juye shi a ƙasa ya gani har gindi.

Tunda gidan da kake nema na ba masu tallafin gwamnati haya ne, bari in tabbatar mun fahimci abu ɗaya. Shirin da kowa ke kira Sashe na 8 an kafa shi a 1974, kuma ma'aikatar gidaje ta tarayya, wato HUD, ita ke ba da kuɗin. Amma ba da ita za ka yi hulɗa ba. Hukumomin gidaje na birane da gundumomi ne ke tafiyar da shi, kuma kowace da ɗan bambancin tsarinta. Iyalai fiye da miliyan biyu ne ke riƙe da baucar shirin, wato takardar tallafin haya, a faɗin Amurka. Ɗan haya yana biyan kimanin kashi 30 cikin ɗari na abin da yake samu, hukuma ta cika sauran kai tsaye cikin asusun mai gida. Wannan cikon shi ke jan hankalin mutane, kuma gaskiya ne yana zuwa. Ni dai a iya zamana, muddin gidana na kan ƙa'ida, farkon wata bai taɓa wucewa da nisa ba tare da na ga kuɗin hukuma ba. Sai dai kalmar “muddin” ɗin nan ita ce dukan sana'ar, kuma ita ce masu bidiyo ba sa daɗewa a kanta.

Abu na farko da nake yi in an nuna mini gida, tun ban tashi daga kujera ba, shi ne in nemo hayar gaskiya. A nan ne akasarin sababbin shiga ke faɗawa rami. Kowace shekara HUD tana fitar da jadawalin hayar da ta ga ta dace da kowane yanki, yana fara aiki ranar 1 ga Oktoba. Daga wannan jadawali hukumar gari ke yanka nata ma'aunin, yawanci tsakanin kashi 90 zuwa 110 cikin ɗari na adadin da HUD ta faɗa, a wasu garuruwan ma unguwa-unguwa ake yanka shi bisa lambar gidan waya. Dillali zai buɗe wannan jadawali a wayarsa, ya ɗora yatsa kan gida mai ɗaki uku, ya ce maka ga abin da za ka riƙa karɓa. Bai yi ƙarya a kan lambar ba, amma lambar ba taka ba ce. Na farko, a cikinta akwai kuɗin wuta da gas da ɗumama gida; in ɗan haya ne zai biya su, sai an cire kasonsu kafin a zo kanka. Na biyu, doka ta hana hukuma biyanka fiye da abin da gidaje irin naka ke ci a unguwar a hannun masu haya da kuɗinsu. Za su kwatanta gidanka da na maƙwabta, girma da girma, tsufa da tsufa, abin da ya fito shi ne naka. Ma'aunin nan rufin tallafin hukuma ne, ba wanda ya yi maka alkawarin za ka taɓo shi.

Bari in buga maka misali da lambobin da na ƙirƙira don lissafi kawai. A ce gida dala 120,000, dillali ya nuna maka ma'aunin 1,900 a wata. Ka buga a shekara ka ga 22,800, kusan kashi 19 cikin ɗari na jarinka, zuciya ta fara rawa. To cire 300 na wuta da gas, saura 1,600. Ka duba gidajen da ke layin a shafin tallan gidaje na Zillow, ka kira lamba biyu ko uku kamar mai neman haya, ka tarar 1,450 ake ba da su. To 1,450 ce hayarka, 17,400 ke nan a shekara. Shi kuma gidan ba 120,000 zai tsaya maka ba; ka ɗora 25,000 na gyara da 5,000 na lauya da takardu, ya zama 150,000. Tsofaffin 'yan sana'ar nan suna da ƙa'idoji biyu na kan yatsa. Ɗaya ta ce hayar wata ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na duk abin da ka zuba. 1,450 a kan 150,000 ta ɗan gaza. Ɗayar ta ce rabin haya ba naka ba ne, na haraji ne da inshora da gyara da watannin da gida zai zauna ba kowa. Rabin 17,400 shi ne 8,700, wato ƙasa da kashi 6 cikin ɗari. Ka ga inda 19 ta koma. In kuma da kuɗin banki ka saya, kana biyansu 750 duk wata, 9,000 ke nan a shekara, sai ya zama kai kake ciyar da gidan daga albashinka. Wannan lissafi ba ya cin minti biyar, kuma a cikin gida goma yakan kore mini bakwai. Ka yi shi a takarda da biro, ka daina yin sa a ka, don kai yana son abin da zuciya ke so.

Wasu za su ce maka rabi ya yi yawa. A gida sabo mai yiwuwa. A tsohon gidan Baltimo mai shekara ɗari, na ga shekarun da rabin ma bai isa ba. Harajin gida kaɗai a cikin birnin ya kai dala 2.248 a kan kowace ɗari ta ƙimar da gwamnati ta yi wa gidan, alhali in ka tsallaka iyaka zuwa gundumar da ke kewaye da shi 1.10 ne. Gidan da aka ƙiyasta 120,000 a birni zai ci maka kusan 2,700 a shekara, hayar wata biyu ke nan saura kaɗan, tun ba ka canza ko ƙwan fitila ba. Maganar bashin banki da kuɗin ruwa kuwa ka san matsayina, ba zan maimaita ba. Akwai kamfanoni a ƙasar nan da ke ciniki bisa tsarin musharaka ko murabaha. Ka zauna da malamin da ka yarda da shi ka nuna masa takardunsu kafin ka yanke.

Sai yawan ɗakuna. Bauca tana zuwa ne da girmanta gwargwadon yawan iyali, kuma in girman baucar da na gidan suka bambanta, ƙaramin cikinsu ake bi wajen biya. Saboda haka ka ƙirga ɗakunan kwana da idon mai duba gida. Ɗakin da ba taga, ko lungun ƙarƙashin ƙasa da aka shimfiɗa wa kafet aka kira shi ɗaki na huɗu, ba lallai a lissafa shi ba. A hoton gida na uku da ka turo na ga irin wannan. Ni a wurina ɗaki uku ne.

Idan gida ya tsallake lissafi, sai in shiga mota. Ba na fara shiga cikinsa. Nakan ajiye mota a bakin layi in taka daga wannan kusurwa zuwa waccan ina ƙirga ƙofofin da aka toshe da katako. Baltimo gari ne da ya taɓa ɗaukar mutum kusan 950,000 a 1950, ƙidayar 2020 ta same shi da ƙasa da 590,000. Mutane sun tafi sun bar gidajensu, dubbai na nan tsaye ba kowa. Kuma ginin garin a jere yake, bango ɗaya ke raba ka da maƙwabci. In gidan da ke manne da naka kango ne, rufinsa ya ɓurma, ruwan da ke zuba cikinsa bangonka yake sha, ɓerayensa naka ne, in ya kama wuta kuma ba sai na faɗa ba. Gida mai kyau a gefen kango ba na ko tambayar kuɗinsa. Layin da ya wuce wannan gwaji nakan koma masa bayan isha'i. In ga ko fitilun titi na ci, in ga su wa ke tsaye a kusurwa, in ga ko tsohuwa za ta iya saukowa daga bas ta taka zuwa ƙofarta ba fargaba. In na sami dattijo zaune a bakin ƙofarsa da rana, nakan gaishe shi mu ɗan taɓa hira. Abin da zai gaya maka game da gidan nan cikin minti biyar, wa ya zauna a ciki, me ya fitar da shi, sau nawa motar famfo ta zo, ba za ka same shi a intanet ba.

Ka lura da wani abu da sababbi ba sa ganewa. Mai bauca ba ɗaure yake ba. Takardarsa a hannunsa take, yana iya kai ta wani layi, wata unguwa, har wani gari. Uwa mai 'ya'ya uku da ta yi shekaru tana jiran sunanta ya fito ba za ta kai su inda ake harbe-harbe ba in tana da zaɓi. Masu cewa sayi duk inda ya fi araha, ai gwamnati ce ke biya, su ne za ka ga gidansu ya yi wata biyar a rufe, in an samu mai shiga kuma shekara na cika ya tattara kayansa. Araha ba ta ado.

Cikin gida kuwa, daga ƙasa nake farawa. Dillali zai ja ka kicin ya nuna maka sababbin kabad da fentin da ke ƙyalli. Ka ce masa ya buɗe maka ƙofar ɗakin ƙarƙashin ƙasa tukuna. Ka tsaya a matakala ka shaƙi iskar. Warin danshi ba ya ɓuya, in kuma ka ji turaren feshi ya yi yawa, ruwa ba ya tsami banza. Ka haska bango da tocila ka nemi layin da ruwa ya taɓa kaiwa, ka duba ƙafar tukunyar ruwan zafi ko ta yi tsatsa, ka karanta shekarar da ke jikin na'urar ɗumama gida. Ka buɗe akwatin wuta ka ga ko na zamani ne, ka bi wayoyin da ido ko akwai tsofaffin nan masu rigar zare. Ka ɗaga kai ka soka makulli a katakon da ke riƙe da bene. In ya shige kamar cikin biredi, gara ta riga ka. Daga nan ka haura can sama ka duba silin ɗakin ƙarshe, don rufin waɗannan gidaje shimfiɗaɗɗe ne, ruwa na kwanciya a kai. Ka buɗe famfon sama da na ƙasa lokaci guda ka ga ƙarfin ruwan. Rufi, gindin gini, wuta, bututu, ɗumama: waɗannan biyar su ke cin jari. Kabad da fenti kuɗin cefane ne a kansu.

Na koyi wannan da tsada. Gidana na farko a watan Agusta na saye shi, ƙasa a bushe, ɗakin ƙarƙashin ƙasa fes da sabon farin fenti. Da ruwan Maris ya sauka sai ga shi har idon sawu. Bututun da ke fitar da ƙazanta zuwa titi ashe ya daɗe da fashewa, saiwar bishiya ta cika shi. Mai dubawa ya zo ya ƙi amincewa da gidan, kuma gaskiyarsa. Wata huɗu ina biyan haraji da inshora ba ko sisi da ke shigowa, lokacin kuma ina tuƙin tasi da dare, Innarku tana da cikin 'yarmu Hadiza. Abin da ya fi ci mini rai shi ne matar da na riga na yi wa alkawarin gidan. Ta jira har wa'adin baucarta ya kusa ƙarewa, dole ta nemi wani wuri a gurguje. Tun daga ranar ban ƙara sayen gida ba sai an zura kyamara cikin bututun nan na gani da idona. 'Yan ɗaruruwan daloli ne, suna tsare maka dubbai.

Yanzu ga maganar da nake so ka karanta sau biyu. Duk gidan da aka gina kafin 1978 ka ɗauka akwai dalma a fentinsa har sai gwaji ya nuna babu, don a shekarar ce aka hana sa ta a fentin gidaje a Amurka. Kusan duk gidan da kuɗinka zai iya saye a Baltimo ya girmi wannan shekara nesa ba kusa ba. Mu ba baƙin wannan masifa ba ne. Ka tuna 2010, abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara, su Dareta da 'Yargalma da Bagega, inda ƙurar dutsen zinariya da ake daka a tsakar gida ta kashe yara fiye da 400. Gubar nan ɗaya ce. A nan ba ta zuwa da yawan da za ta kashe nan take, a hankali take aiki. Tsohuwar taga ana buɗewa ana rufewa, fentin na gogewa ya zama ƙura, ƙurar ta sauka a dandamali, yaro mai rarrafe ya dafa ya kai hannu baki. Ba ya kuka, ba ya zazzaɓi. Sai ya shiga makaranta a ga ba ya riƙe karatu, ba ya iya zama wuri ɗaya, a yi ta dukan ƙirji ana cewa yaron ba ya ji. Abin da dalma ta lalata a ƙwaƙwalwar yaro ba ya dawowa.

Dokar jihar Merilan, inda Baltimo take, ta wajabta wa mai gidan haya irin wannan ya yi masa rajista a ma'aikatar muhalli, ya kuma sami takardar gwajin dalma duk lokacin da sabon ɗan haya zai shiga. Da can gidajen kafin 1950 kawai ta shafa, daga farkon 2015 aka faɗaɗa ta zuwa na kafin 1978. Hukumar gidaje ma, in akwai yaro ɗan ƙasa da shekara shida a iyalin, za ta duba duk inda fenti ke ɓarewa ciki da waje. Amma ba don tsoron tara nake gaya maka ba. Akwai masu shafa sabon fenti a kan tsoho ana gobe dubawa, su sami takarda, su kwana lafiya. Kada ka zama cikinsu, Auwalu. In tagogin gida tsofaffi ne na katako, ka sa kuɗin canza su duka cikin lissafinka tun a kan takarda. In lissafin bai ɗauka ba, gidan ba naka ba ne. Nakan tsaya a tsakiyar ɗaki in tambayi kaina ko zan yarda jikata ta yi rarrafe a wannan dandamali. In zuciyata ta yi jim, na fita ke nan.

Mai duba gida na hukuma kamar duba-garin zamanin iyayenmu yake, sai dai shi ba tulun ruwa yake leƙawa ba. Zai danna na'urar gano hayaƙi, zai nemi ta gano iskar gas mai kisa wadda aka wajabta a gidajen tallafi tun ƙarshen 2022, zai girgiza abin dafawa na matakala, ya buɗe kowace taga ya ga tana tsayawa tana kuma kulluwa, ya gwada soket, ya kunna kowane kan murhu. Ba za a biya ka ko dala ɗaya ba sai gidan ya ci wannan jarrabawa, kuma za su riƙa dawowa duk shekara ko shekara biyu. In suka sami abin da ke barazana ga rai, awa 24 gare ka. Sauran gyare-gyare yawanci kwana 30. Ka wuce wa'adi su tsayar da kuɗinsu, kuma ba ka da ikon bin ɗan haya wannan kaso. Da farko na ɗauke su masu takura. Daga baya na riƙa karɓar takardar abubuwan da suke dubawa ina yawo da ita a aljihu duk gidan da za ni gani, ta zame mini ma'auni kyauta. Ka kuma sani tsakanin ranar da ka yarda da ɗan haya da ranar da kuɗin farko zai shigo akan ɗauki makonni, wani lokaci na ga wata biyu. Kada ka zuba duk abin da ka tara a ciniki. Ka bar hayar wata shida a gefe, ka manta da ita. Kuɗin shirin nan majalisa ce ke amincewa da shi shekara-shekara. Lokacin da aka rufe ayyukan gwamnati kwana 35 daga ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019, masu ajiya ne kawai suka yi barci.

Takardu ba zan ja su da tsawo ba, aikin lauya ne, ka biya shi ya yi. Ka dai ce ya duba maka hayar ƙasa, don a Baltimo akwai tsohon tsarin da mutum ke mallakar gini amma ƙasar ta wani ce, yana biyansa 'yan daloli duk shekara. Ya duba bashin haraji da na ruwan famfo, don gidan suke bi, ba wanda ya ci su ba. Kuma tun 2019 ko gida ɗaya gare ka a birnin sai da lasisin haya. In babu shi kotu ba za ta saurare ka kan bashin haya ba.

Saura mutanen da za su zauna a ciki. Za ka ji maganganu a kansu, wai masu ɓarna ne, wai malalata ne. Yawancin waɗanda na zauna da su tsofaffi ne, da naƙasassu, da mata masu aikin jinya ko shara ko kanti waɗanda albashinsu bai kai hayar garin ba. Akwai mai ɓarna a cikinsu kamar yadda yake a cikin masu biya da kuɗinsu. Hukuma samun mutum take tantancewa, halinsa kuwa kai za ka bincika. Ka kira mai gidan da ya bari, musamman na kafin na yanzu, don na yanzu yana iya yabonsa don ya rabu da shi. Ma'auni ɗaya za ka sa wa kowa. Dokar tarayya ta hana ka ƙin mutum don launinsa ko addininsa ko asalinsa ko don yana da yara ko naƙasa, kuma tun Oktoban 2020 Merilan ta hana ƙin mutum don da bauca zai biya. Mu da muka san ɗacin a ji lafazinmu a waya a ce gida ya kama, bai kamata a koya mana wannan ba.

Abu biyu kuma da al'adarmu za ta iya jefa ka cikinsu ba da mugun nufi ba. Ba a yarda ka ba mahaifi ko ɗa ko jika ko ɗan'uwanka na ciki ɗaya hayar gidanka da bauca ba, sai in lalurar naƙasa ce hukuma ta amince. Sannan in an yanka haya 1,450, to 1,450 ce. Ɗan haya da ya matsu zai iya cewa zai riƙa ƙara maka ɗari a bayan fage don ka ba shi gidan. Kada ka karɓa. A doka zamba ce da ke kai mutum kotun tarayya, a wurin Allah kuma kuɗin abincin yaransa ne ka ci.

Akwai wata baiwar Allah da ta zauna a gidana shekara goma sha ɗaya tana riƙon jikoki uku. Duk lokacin da ta kira kan yoyo ko hita, ban bari rana ta faɗi sau biyu ba a je ba. Ita kuma ta riƙe gidan kamar ita ta gina shi, har fure ta shuka a bayan gida. Da na zauna na duba littafina bayan ta tashi, a duk gidajena babu wanda ya kawo abin da wannan ya kawo, alhali hayarsa ba ta fi ta sauran ba. Dalili kuwa shekara goma sha ɗaya ban yi fentin sabon shiga ba, ban biya dillali la'ada ba, bai kwana ko wata ɗaya a rufe ba. Canjin ɗan haya shi ne ɓarawon da ba a gani a wannan sana'a. Shi ya sa tun ranar da nake duba gida nake tambayar kaina ko iyali za su so su daɗe a cikinsa, ko akwai makaranta kusa, da tashar bas, da kantin abinci, da wurin sa injin wanki.

Game da gidajen naka uku: na farko ka bar shi, a hoton ma ina hango katako a tagar maƙwabcinsa. Na uku ɗaki uku ne aka yi masa kuɗin huɗu; in mai shi zai sauko, sai a sake magana. Na tsakiyar da ake tsorata ka da Litinin, shi kaɗai ya cancanci a taka a gani. In da gaske akwai mutum biyu da ke jira, su saya, Allah ya sa musu albarka. Gidan sayarwa ba ya ƙarewa a Baltimo, kuma rabonka ba ya wuce ka. Ka kira hukumar gidaje gobe ka karɓi ma'aunin hayar unguwar da jadawalin kuɗin wuta da gas, ka yi lissafin nan a takarda ka turo mini hotonsa. In ya tsallake, ka zo ka ɗauke ni ranar Asabar bayan azahar. Ba zan iya hawa bene ba, amma zan iya sauka matakala shida zuwa ƙasa in ka riƙe mini hannu. Ka taho da tocila mai haske, kuma kada ka ba kowa kafin alƙalami sai mun fito.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka, ka shafa kan yara. Allah ya yi maka albarka, ya sa halal a cikin nemanka.

Baffanka.